Nazarin lamari: ɓaunar da sai a karo na uku aka samu yi mata tiyata a tsaye

Dabbar da gidan da take

Ɓaunar da ake magana a kanta ba irin ta daji ba ce da ake gani a Yankari. Ɓaunar ruwa ce ta Asiya, dabbar gida wadda ake ɗaurewa a turke, a tatse ta safe da yamma, yara su kora ta tafki. A ƙidayar dabbobi ta 2019, Indiya tana da irinsu kusan miliyan 110, kuma kaso babba na madarar da ƙasar take sha daga gare su yake fitowa. Wannan ta jinsin Murra ce, baƙa wuluk mai nannaɗaɗɗen ƙaho, jinsin da asalinsa jihar Hariyana ne, wajejen Rotak da Jind da Hisar. Maiƙon madararsu yakan kai kashi 7 cikin 100, shi ya sa take daraja a wurin masu saye.

Mai ita ƙaramin manomi ne a wani ƙauye na jihar, yana da ɓauna biyu da maraƙa ɗaya. Matarsa ce take ba su abinci, ita take tatsa, kuma kuɗin cefanen gidan daga madarar yake fitowa. Ɓaunar tana da shekara 6, tana ɗauke da ciki na uku, wata 7. Cikin ɓauna yakan kai kwana 310, saboda haka saura mata kamar wata uku. Lokacin watan Yuni ne, damina ba ta faɗi ba, zafin rana yana wuce digiri 44. Wannan yana da muhimmanci a duk abin da zai biyo baya, domin ɓauna ba ta iya zufa sosai kamar saniya, ga baƙar fata mai zuƙar rana. Da ruwa da taɓo take sanyaya jikinta.

Abincinta karan alkama ne da aka daddatsa, da ɗanyar ciyawa da ake yankawa da inji, da ƙulin angurya. Ɓauna da saniya ba sa tsince abinci da leɓe kamar akuya. Da harshe suke naɗowa su haɗiye. In guntun waya ko ƙusa ya bi ciyawa, nauyinsa yakan kai shi ɓangare na biyu na tumbi, wanda bangonsa yake kamar saƙar zuma. Wannan ɓangare yana jingine da tantanin da ya raba ciki da ƙirji, zuciya kuma tana can bayan tantanin, tazarar ba ta da yawa. Kullum ɓangaren yana matsewa yana saki, ga ɗa a mahaifa yana turo kayan ciki gaba. Da haka ƙarfe mai tsini yake huda bango.

Kwana na 1 zuwa na 6: farkon ciwo da maganin gida

Matar gidan ce ta fara lura. Ɓaunar ta bar rabin abincinta, ta rage tuƙa, ta tsaya ta yi doro ta ware ƙafafun gaba. In za ta kwanta sai ta daɗe tana shawara, ta kwanta da nishi. Kashinta ya ragu ya bushe. Kwiɓinta na hagu yakan ɗan kumbura da yamma, ya sace da safe.

Kwana biyu aka yi ana yi mata ɗuren man mustad da baƙin gishiri da mazarƙwaila. Kumburin yakan lafa na ɗan lokaci ya dawo.

A kwana na 3 aka kira ma'aikacin lafiyar dabbobi na yankin. Ya sami zafin jikinta digiri 39.6, bugun zuciya 72 a minti, motsin tumbi kuma sau ɗaya mai rauni a minti biyu, alhali lafiyayya takan yi kamar uku. Ya matse gadon bayanta a tsakanin kafaɗu. Dabba mai lafiya takan lanƙwashe ƙasa in aka yi mata haka. Wannan ta ƙage ta yi nishi. Aka sa gora a ƙarƙashin ƙirjinta, mutum biyu suka ɗaga a hankali suka sake, ta sake nishi. Ya ce yana zargin ƙarfe ne. Ya ɗura mata mayen ƙarfe don ya kama ƙarfen a tumbi, ya fara allurar kashe ƙwayoyin cuta ta kwana uku.

Zazzaɓin ya sauka, amma cin abinci bai dawo ba. A kwana na 6 ta kusa daina tuƙa gaba ɗaya, kumburi kuma ya zama na kullum. Aka yanke shawarar a buɗe tumbi ta kwiɓin hagu a ciro abin.

Irin wannan aiki a tsaye ake son yinsa. Dabba mai tuƙa in ta kwanta a gefe, iskar tumbi ba ta samun hanyar fita, nauyin tumbi ya danne huhu, abinci kuma yana iya dawowa ta maƙogwaro ya faɗa hanyar numfashi. In tana tsaye, tumbi yana zaune inda Allah ya ajiye shi, likita ya zura hannu ya kai inda yake so. Abin da ake nema shi ne ta natsu, kada ta ji zafi, kuma kada ta faɗi.

Kwana na 7: yunƙuri na farko, zailazin shi kaɗai

Ma'aikacin ya iso wajen ƙarfe 1 na rana, bayan ya gama da wasu gidajen. Aka ɗaure ɓaunar a jikin bishiyar darbejiya a tsakar gida. Da safe ta ɗan taɓa ɗanyar ciyawa, an kuma yi mata ɗure. Ba ma'auni, sai ya ƙiyasta nauyinta da ido, kilo 600. Ya ba ta zailazin a tsokar cinya, miligiram 0.1 ga kowane kilo, wato miligiram 60, mililita 3 na kwalba mai ƙarfin kashi 2 cikin 100.

Zailazin tsohon magani ne. Kamfanin Bayer na Jamus ya haɗa shi a 1962, an fi saninsa da sunan Rompun. Yana aiki a kan wasu wurare a ƙwaƙwalwa da laka da ake kira alfa-2, ya rage fitar sinadarin da yake sa dabba ta kasance a farke a shirye. Sai jiki ya mutu, tsoka ta saki, zafi ya ragu. Dabbobi masu tuƙa suna jin sa ƙwarai: kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da ake ba doki a kan kowane kilo ya ishi saniya. Amma wuraren da yake taɓawa ba a ƙwaƙwalwa kaɗai suke ba. Yana rage bugun zuciya, ya tsayar da motsin tumbi, ya sa dalalar yawu, ya ɗaga sukarin jini, ya sa yawan fitsari, ya rikita yadda jiki yake daidaita zafinsa. A ƙarshen ciki yana sa mahaifa ta matse, har yana iya jawo haihuwa kafin lokaci. An kuma san cewa a cikin tsananin zafi aikinsa yakan fi zurfi, ya fi daɗewa.

A minti na 10 kanta ya yi ƙasa, yawu yana zuba. A minti na 15 ta fara tangaɗi. Ana cikin aske kwiɓin, a minti na 20, ƙafafun baya suka lanƙwashe ta zube a gefe, igiya ta ja wuyanta, sai da aka yanke ta da lauje. Bugun zuciya ya sauka zuwa 38. Kwiɓin hagu ya cika tam. Ruwan ciyawa kore ya ɗan fito ta hanci. Zafin jiki ya haura zuwa digiri 40.8, tana numfashi baki buɗe.

Ba a kai ga sa wuƙa ba. Maza huɗu suka juya ta ta kwanta a kan ƙirji, aka tokare ta da buhunan kara. Aka sa buhu a ƙarƙashin maƙogwaronta yadda hanci zai yi ƙasa, abin da ya taso ya zube waje. Ma'aikacin ya zura roba ta baki har tumbi, iska ta fita. Mata suka yi ta kwara mata ruwa a kai da gadon baya. Akwai magungunan da suke warware aikin zailazin, irin su atifamezol da yohimbin da tolazolin, amma babu ko ɗaya a jakarsa. Sai jira. Ta yi fitsari mai yawa, abin da ya ƙara mata rashin ruwa a jiki. Wajen awa uku ta yi kafin ta miƙe.

Washegari ya duba ta ta dubura, ya ji ɗan yana motsi. Babu alamar naƙuda, babu tari.

Kwana na 9: yunƙuri na biyu, babu maganin lafarwa

Mai gidan ya tsorata, ya ce kada a sake ba ta wancan magani. Ma'aikacin ya yarda. Ya zo da safe, ya ce zai kashe wurin yankan kawai da lidoken mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, a jere bayan haƙarƙari na ƙarshe da kuma ƙarƙashin ƙasusuwan gadon baya, yadda maganin zai tare jijiyoyin da suke gangarowa kwiɓi. Hanya ce sananniya, kuma a kan saniya mai sanyin hali takan wadatar.

Sai dai hanyar tana buƙatar suka da yawa, fatar ɓauna kuma ta fi ta saniya kauri. Ga shi ɓauna dabba ce mai sabo da mutanen gidanta, mai ƙyamar baƙo, kuma wannan ta riga ta gane mutumin. Daga ganinsa ta fara huci. Kowace suka sai ta yi harbi ta karkace. Allura biyu suka lanƙwashe. Cikin mililita 80 da ya yi niyyar sa wa, wani ya shiga inda ake so, wani ya tsaya a ƙarƙashin fata, wani ya zube. Maƙwabta suka taru, kowa yana jan igiya yana ba da shawara da ƙarfi. Ta goge gindin ƙahonta a jikin bishiya har ya yi jini, igiya ta saɓule mata fata a ƙafa.

Bayan minti 15 ya gwada wurin da tsinin allura. Sama ya mutu, ƙasa kuwa tana ji sarai. Numfashinta ya yi sauri, rana ta fara ɗagawa. Ya ajiye kayansa ya ce ba zai yanka ba, a kai ta asibitin koyarwa na kwalejin likitancin dabbobi.

Kwana na 10 da na 11: awo, hoto da shawara

Da dare aka ɗora ta a bayan tarakta don gudun rana. Abu na farko da aka yi a asibitin shi ne hawa ma'auni. Kilo 480. Ke nan abin da aka ba ta a kwana na 7 ya kama miligiram 0.125 ga kowane kilo, adadin da ake sa ran zai kwantar da saniya ƙasa ko da ba zafi.

Idanunta sun ɗan faɗa, fatar ido in aka ja ba ta komawa da wuri. Aka sa mata allura mai zama a jijiyar wuya aka fara ƙarin ruwa. Gwajin jini ya nuna fararen ƙwayoyin jini sun hau, alamar kumburi a ciki. Hoton ƙirji da ciki ya nuna siririn ƙarfe mai tsawon kamar santimita 7 a ƙasan ɓangare na biyu na tumbi, da wasu gajeru a kwance.

Akwai abin da likitocin suka fi son gani a hoton. A ɓaunayen Indiya ana yawan samun tantanin da ya raba ciki da ƙirji ya yage, wani sashe na tumbi ya kutsa cikin ƙirji, musamman a masu tsohon ciki da waɗanda suka haihu ba da daɗewa ba. In haka ne, tiyatar tsaye mataki ne na farko kawai. Sai an sake sa dabbar barci gaba ɗaya an kwantar da ita rigingine a ɗinke yagewar. A wannan ɓauna layin tantanin ya fito a miƙe, bai yage ba. Sikanin da aka yi mata ya nuna zuciyar ɗan tana bugawa.

Daga nan aka zauna kan maganin da za a ba ta.

Asefuromazin yana kwantar da hankali kuma ba kasafai yake kayar da dabba ba. Amma ba ya kashe zafi, yana buɗe jijiyoyin jini hawan jini ya faɗi, yana daɗewa a jiki, kuma ba shi da makari. Ga dabbar da ruwa ya ƙare mata a jiki, aka ajiye shi gefe. Diyazefam da midazolam suna sakin tsoka har ƙafa ta kasa ɗaukar jiki, sun fi dacewa da dabbar da ake so ta kwanta. Detomidin ɗan'uwan zailazin ne, kuma a ƙaramin adadi an san bai kai shi matse mahaifar saniya ba, da shi ne zaɓi na farko, amma babu shi a ma'ajiyar magani a lokacin.

Abin da aka tsaya a kai shi ne haɗin magani uku, kowanne ɗan kaɗan: butofanol miligiram 0.01, zailazin miligiram 0.02, ketamin miligiram 0.04, duka a kan kowane kilo. Ga kilo 480 lissafin ya kama kusan miligiram 5 da 10 da 20. Likitocin shanu a Amurka sun saba kiran wannan haɗi da 5-10-20. Zailazin ɗin kashi ɗaya cikin shida ne na abin da ta sha a ƙauye, rabin mililita kacal. Butofanol daga dangin magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi yake, ya fi tasiri a kan ciwon kayan ciki, kuma in ya haɗu da zailazin suna ƙara wa juna ƙarfi ba tare da sun ƙara danne zuciya sosai ba. Ketamin kuwa, adadin da ake sa saniya barci da shi ta jijiya yana kusa da miligiram 2 ga kilo. Na cikin haɗin kashi ɗaya cikin 50 ne na wannan. A haka ba ya sa barci. Yana hana laka ta riƙa ninka saƙon zafi, ya kuma sa dabba ta daina kula da abin da ake yi a kusa da ita.

An faɗa wa mai ita ƙarara cewa ko ɗan wannan zailazin ɗin bai raba cikin da haɗari ba, amma barin waya kusa da zuciya ya fi haɗari ga uwa da ɗa. Ya amince. Aka hana ta abinci tun daga safiyar kwana na 11, ruwa kuwa aka bar mata har tsakar dare saboda zafi. Aka zuƙi atifamezol a sirinji aka ajiye a kan tire.

Kwana na 12: tiyata

Ƙarfe 6 na safe aka shigar da ita shingen ƙarfen da ake tsayar da manyan dabbobi, a rumfa mai fanka, an zuba yashi a ƙasa don kada ta zame. Aka sallami 'yan kallo. Matar gidan ce kaɗai aka bari a wajen kanta, tana sosa mata gindin kunne tana kiran sunanta. Aka ɗaura igiya a ƙafar baya ta dama aka zura ta ƙarƙashin ciki zuwa hagu, domin in ta tashi faɗuwa a ja, ta faɗi a dama, wurin yanka ya kasance a sama. Wutsiya aka ɗaure ta a jikinta, ba a jikin ƙarfe ba, don kada ta tsinke in dabbar ta zube.

Da ƙaramar sirinji aka auna magungunan, domin a babbar sirinji rabin mililita ba ya aunuwa daidai. Aka yi allurar a tsokar wuya. Sai kowa ya ja baya, minti 15 ba wanda ya taɓa ta. Wannan jira yana cikin maganin: dabbar da take a firgice jikinta cike yake da sinadarin faɗa ko gudu, shi kuma yana gogayya da zailazin, sai a ga kamar magani bai kama ba a ƙara, daga baya duka su kama a lokaci ɗaya.

A minti na 15 kanta ya sauko daidai kafaɗa, kunnuwa sun langaɓe, leɓen ƙasa ya saki, yawu kaɗan. Amma ƙafafu huɗu suna ɗauke da ita, kuma in ƙuda ya sauka fatarta takan girgiza. Bugun zuciya ya sauka daga 68 zuwa 54 ya tsaya nan.

Sannan aka kashe kwiɓin. Maimakon jera allurai a wurin yanka, aka bi jijiyoyi uku da suke kai ji zuwa kwiɓi, aka tare su a bakin fukafukan ƙashin baya na ƙugu, na ɗaya da na biyu da na huɗu, sama da ƙasan kowanne. Mililita 20 na lidoken a kowane wuri, jimla 60, wato miligiram 2.5 ga kilo, nesa da miligiram 10 da ake ɗauka a matsayin iyaka. An zaɓi tare jijiyoyin daga nan gefe ne domin ba ya karkatar da gadon baya, ba ya kuma raunana ƙafar baya kamar yadda tare su kusa da laka yake iya yi. Ta ɗan motsa a sukar farko, sauran ba ta kula ba. Bayan minti 12 fatar kwiɓin ta yi ɗumi, tsinin allura daga sama har ƙasa bai sa ta motsi ba.

Yankan ya kai kamar santimita 20, a bayan haƙarƙari na ƙarshe. Likitan ya fara lalube cikin kafin ya buɗe tumbi, ya ji wurin da ɓangare na biyu ya manne da tantani. Aka jawo bangon tumbi waje aka kafe shi a jikin zoben ƙarfen Waingat don kada ƙazanta ta zube cikin ciki, aka buɗe, aka kwashe abin da ke ciki. Mayen ƙarfen da aka ɗura a kwana na 3 yana nan a babban tumbi, bai ma isa inda wayar take ba, domin motsin da zai kai shi can ya riga ya mutu. Aka ciro dunƙulen leda da igiyar buhu.

A minti na 55 da yin allura, likitan ya zura hannu har kafaɗa zuwa ɓangare na biyu. Nan ta ɗaga kai, ta kaɗa kunne, ta fara sauya ƙafa. Lidoken ya kashe bangon ciki ne kawai. Can inda wayar ta huda bai kai ba, haɗin farko kuma ya fara sanyi. Likitan ya tsayar da hannunsa cak. Aka ba ta rabin adadin farko na butofanol da ketamin ta jijiya, a hankali. Ba a ƙara zailazin ba. Cikin minti biyu kanta ya koma ƙasa. Ta ɗan lanƙwasa gwiwa sau ɗaya, mai riƙe da igiya ya shirya, matar ta ɗaga mata haɓa ta yi mata magana, ta miƙe.

Wayar tana soke a bango, kusan rabinta a ciki. Ya bi ta da yatsa ya zare ta ta inda ta shiga. Ƙusa biyu da guntayen ƙarfe suna kwance a ƙasa. Ya goge mayen ƙarfen ya ajiye shi da hannunsa a ɓangare na biyu. Aka zuba ruwan tumbin wata lafiyayyar ɓauna da ɗan ciyawa, don ƙananan halittun da suke narkar da abinci su farfaɗo. Aka ɗinke tumbi ninki biyu, bakin yana juyawa ciki, sai tsoka, sai fata. Daga allurar farko zuwa ɗinki na ƙarshe minti 105. Zafin jikinta bai wuce digiri 39.1 ba. Atifamezol ɗin ya koma ma'ajiya ba a taɓa shi ba. Da ƙafarta ta fita daga shingen.

Kwana na 13 zuwa haihuwa

Aka sa ta a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana biyar, da meloksikam miligiram 0.5 ga kilo don zafi da kumburi. A da, diklofenak ne aka fi ba dabbobi a yankin. Indiya da Pakistan da Nepal sun hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, bayan an gano shi ne yake kashe ungulaye ta hanyar lalata musu ƙoda in sun ci mushen dabbar da aka yi wa allurarsa. Meloksikam ba ya yi musu haka.

Washegarin tiyata ta fara tuƙa, ta ci ɗanyar ciyawa kaɗan. Aka sallame ta a kwana na 15. Abin da ya fi ba gidan wahala shi ne hana ta shiga tafki a cikin wannan zafi. Sau uku a rana ana jiƙa mata kai da wuya da gefen dama, ana kare ɗinkin daga ruwa da ƙuda. A kwana na 18 ƙasan ɗinkin ya kumbura ya tara ruwa. Ma'aikacin ƙauyen ya warware zare ɗaya ya matse, ya riƙa wankewa. Aka cire sauran zaren mako biyu bayan tiyata. A watan Satumba ta haifi maraƙa mace da rai, a kan lokaci, ba tare da an taimaka mata ba.

Abin da lamarin ya nuna

A ganina laifin yunƙuri na farko ba na zailazin ba ne a karan kansa, tunda shi ɗin aka sake amfani da shi a karo na uku. An ɗora masa aiki uku shi kaɗai: ya natsar, ya kashe zafi, ya riƙe dabbar tsawon tiyata. Adadin da zai yi duk wannan shi ne adadin da yake kayarwa. Sai ƙiyasin ido ya ƙara kilo 120 da babu su, tsakar rana ta ƙara wa maganin zurfi, tumbi yana da abinci, makari kuma babu. Da ɗaya ne cikin waɗannan, wataƙila da an sha.

Yunƙuri na biyu ya nuna cewa zafi daban, tsoro daban. Lidoken yana kashe jijiya amma ba ya taɓa fargaba, kuma dabbar da take harbi ba ta barin a kai maganin inda ya kamata. Ma'aikacin ya cancanci yabo a wuri ɗaya da ba ƙarami ba: sau biyu yana ajiye wuƙa. Da ya buɗe ciki ta faɗi a kan ƙasa da tumbi a buɗe, da wuya a yi zancen maraƙa.

A karo na uku an raba aikin. Lidoken ya ɗauki zafin yanka, butofanol ya ɗauki na kayan ciki, ketamin ya rage kulawa, zailazin ya natsar. Da aka buƙaci ƙari, an ƙara waɗanda ba sa kayarwa. Matar da ta tsaya a wajen kai, da safiya, da minti 15 na shiru, ni ina lissafa su tare da magungunan.

Akwai abin da bai kamata a ɗauka daga nan ba. Haihuwar maraƙar lafiya ba ta wanke zailazin ga dabba mai tsohon ciki ba; wannan uwa ta sha miligiram 60 ta tsira da cikinta, wata ba za ta tsira ba. Haɗin 5-10-20 kuma a kan shanu aka tsara shi, kuma dabba mai zafin kai ko wadda ciwo ya galabaitar za ta buƙaci a sake lissafi. Ketamin da butofanol magunguna ne da doka ta tsare a hannun likita. Zailazin ma yana zuwa da ƙarfi biyu, na kashi 2 da na kashi 10 cikin 100 wanda ake yi wa dawaki. Wanda ya zuƙi mililita ɗaya daga kwalba ta biyu ya ba da ninki biyar. Duka kuma suna da kwanakin da ake jira kafin a sha madara ko a yanka.

Mu ba ma kiwon ɓaunar ruwa, amma Bunaji da Rahaji da Gudali shanu ne masu tozo, kuma littattafan likitancin dabbobi sun nuna cewa Barahman, mai tozo wanda asalinsa shanun Indiya ne, ya fi shanun madara na Turai jin zailazin. Zafin Maris zuwa Mayu a Sakkwato ko Maraɗi bai bar na Hariyana a baya ba, leda da waya kuma sun cika jujin da shanun gari suke kiwo. Ma'auni ne ba kasafai ake samu a ruga ko kara ba. Amma tef ɗin tela yana rage kuskure: a auna kewayen ƙirji bayan ƙafafun gaba da inci, a ninka adadin da kansa, a ninka da tsawon jiki daga kan kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, a raba da 660, abin da ya fito kusan nauyin ne da kilo. Ƙirjin wannan ɓauna inci 76 ne, tsawonta inci 55. Lissafin ya ba da kilo 481.